Na Je Kwatano Koya wa Ɗana Cewa A'a

Allah ne ya kai ni, shi ne kuma ya maido ni, don haka da sunansa nake buɗe wannan labari. Yadda na bar Tamaske ba ni da abin faɗa a kai, domin hankalina ba ya jikina a lokacin. Abin da na riƙe ya fara ne daga bakin kogi a Gaya, inda na tsaya da jakata a ka ina kallon ruwan da ban taɓa ganin mai faɗinsa ba.

Wayar Hajiya Mariya ce ta fitar da ni daga gida. Mutuniyar Madawa ce, tana sayar da abinci a Zangon Kwatano, kuma a gidanta ɗana yake haya tun da ya tafi karatun ordinater, wato kwamfuta, a jami'a. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Habsu, in kina son ɗanki ki taho. Sumaila ya ɗaure jaka. An ce ba shi ya yi aikin makaranta nai da hannu nai ba. Saura jarrabawa guda, in ya hwaɗi su kore shi. Shi ko ya ce in sunka kore shi ba shi komawa Tamaske a nuna shi da baki, Libiya za shi."

Libiya. Can ubansa ya tafi tun yaron yana koleji, kuma har yau ba mu san ko sadakar mamaci za mu yi masa ba ko jiran baƙo. Da na ji sunan ƙasar nan sai na tashi na fara haɗa kaya.

Shi ne ɗana na fari. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallon tsakar idonsa, ba ta yabonsa gaban mutane. Kakarsa ce ta yaye shi, ita yake yi wa shagwaɓa. Ni "wannan" nake ce masa, ko "yaron nan". Ko a wannan rubutu, in kun ga sunansa to daga bakin wani ya fito, in ban da sau ɗaya. Ba don ba na son sa ba ne. Allah ya sani, in ya yi tari a ɗaka ni ke jin ciwon a tsakar gida.

An rufe gada a lokacin, sai dai a haye da kwalekwale. Ina tsaye ban san inda zan dosa ba sai ga wani mutum da fara'arsa, yana Hausa irin tamu. "Inna, daga Adar kike ko? Ai na gane ɗaurin kallabin. Ni ɗan Buza ne. Ina su Tamaske, an samu ruwa bana?" Wallahi sai na ji kamar na ga ɗan ɗakinmu. Ya sauke mini jakar, ya ce jirgin mata dabam, jirgin kaya dabam, in na haye zan tarar da ita tana jirana a ƙarƙashin rumfa. Har addu'a na yi masa.

Na haye Malanbil, na zauna ƙarƙashin rumfar har inuwa ta juya. Babu jaka, babu ɗan Buza. A cikinta akwai tukuɗin da na daka wa yaron, da cuku, da yaji, da gabu don miyarsa ta yi ƙanshin gida, da zannuwana, da dardumata. Wani mai tura baro na tambaya, ya yi dariya ya ce, "Jirgin kaya? Hajiya, jiya ɗan Doso ne, yau ya zama ɗan garinku." Abin da ya rage mini shi ne ƙaramar jakar da ke rataye a wuyana, da katin shaida da tazbaha a ciki. Na yi kuka, amma ba don zannuwan ba. Zan isa wurin ɗana hannu sake, ni da ban iya faɗa masa magana mai daɗi ba, abinci ne kawai bakina a wurinsa.

A cikin kar, babbar motar fasinja da ta ɗauke mu zuwa kudu, kusa da wata mata na zauna, mai jiki, da gicciye a wuya. Selestin take. Ba ta jin Hausa, ni kuma Faransancina na koleji ne, ya yi tsatsa a madafa, amma muka lallaɓa. Da muka tsaya a Kandi na ce zan yi salla, ta ga ina neman kwali zan shimfiɗa, sai ta kwance mayafin da ke ƙugunta ta ba ni. Ina cikin raka'a ta biyu direba ya tayar da mota. Ina jin injin, ina jin kar tana motsi, kuma ba ni iya sallamewa. Sai na ji muryar matar nan ta cika tasha. Da na idar na tarar da ita tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ƙasa, tana nuna direban da yatsa, mutumin da ya yi jika da ita, tana ce masa "No! No!" Kunya ta kama ni a madadinta. Na ce a raina, mutanen ƙasar nan ba su da ta-ido. Amma da ba ta yi haka ba da a Kandi aka bar ni.

A Paraku ta saya mini sakwara da miyar gyaɗa. Na ci loma biyu, kewar furarmu ta taso mini. Daga nan ƙasa ta yi ta ƙara kore, itatuwa suka rufe sama, babu dutse ko ɗaya irin namu da ido zai huta a kai. Da muka isa Kwatano ita ta tsayar mini da mai babur, ta faɗa masa Zango, ta ja masa kunne, ta bar mini mayafin. Har yau a kansa nake salla.

Na tarar da yaron ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya durƙusa ya gaishe ni, kansa a ƙasa, ni kuma ina kallon bango ina amsawa. Ga jakar nan a bayan ƙofa, an ɗaure ta da igiya. Hajiya Mariya ta dube mu ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Kin ƙetaro kogi don ki kalli bangona? Shi ma ga shi nan shina ƙirga tururuwa. Ku Adarawa kunyarku sai ta kashe ku."

"Hajiya, ai ke ma tamu ce."

"Na baro tawa a Madawa, ta yi mini nauyi a mota."

Da na matsa masa da tambaya, ta bakin Hajiya, sai ya buɗe ordinater ɗinsa ya nuna mana. Karatunsu shi ne rubuta wa na'ura umarni layi-layi, ta bi ba tare da ta ƙara ko ta rage ba. Shi abin da ya rubuta na lambun albasa ne, irin na kawunsa a fadama: in ƙasa ta bushe na'ura ta kunna injin ban-ruwa, in ta jiƙa ta kashe shi. Duk aikin da suka kai, wata na'ura ce ke fara gwada shi ta ba da maki, kuma a nan babu wanda ya kai shi a ajinsu. Matsalar ta zo ne a jarrabawar baki. Malaminsu, Mushe Kojo (Mushe shi ne Malam da Faransanci), ya zaunar da shi, ya goge layin da ke kashe injin, ya ce, "Wannan layin ba shi da amfani, ko ba haka ba?"

"Kai kuma mi ka ce?" in ji Hajiya.

"Na ce wi, Mushe, wato i, hakanan ne."

"Ba shi da amfanin?"

"In babu shi lambun tabki za shi zama."

"To don uban wa ka ce wi?"

A hankali ya ce, "Hajiya, kansa fari fat. Ya girmi Baba. In ce mishi ƙarya shikai?"

Haka ya yi ta cewa wi a duk abin da dattijon ya ɓata, har Mushe ya rufe na'urar ya ce wanda bai san aikinsa ba, ba shi ya yi shi ba.

Washegari na aro hijabin Hajiya na tafi jami'ar. Ba zan faɗi sunanta ba, domin ba su zalunce mu ba. Na yi ta yawo daga bene zuwa bene, ana tura ni nan ana tura ni can, wasu 'yan mata suna dariyar Faransancina. Ƙafata ta kumbura kafin in sami ofishinsa. Ina shiga na durƙusa. Dattijon ya miƙe a firgice har tabaronsa ya kusa faɗuwa.

"Madam, don Allah tashi! Ga kujera."

Na ce masa ni uwar ɗalibin nan ce na Nijar, mai lambun albasa. Na rantse masa cewa yaron ba ya sata, ba ya ƙarya. Na roƙe shi ya ba shi jarrabawar a takarda, ko ya tambaye shi kai tsaye ba tare da ya ɓata komai ba.

Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Madam, a da aikin gida kawai nake ba su, na'ura ta gwada. Yanzu wayar da ke hannunki tana iya rubuta irin wannan aikin kafin ki gama shan ruwa. Bayani ma ana haddacewa. To ta yaya zan gane wanda ya iya? Sai in zaunar da ɗalibi, in ɓata aikinsa da gangan, in ce daidai ne. Wanda ya haifi aikin ba ya iya yin shiru."

Na ce a raina, Mushe, ba ka san mu ba. A garinmu wadda ta haifa ita ce mai yin shiru. Na yi ƙoƙarin faɗa masa haka, Faransancin ya watse mini a baki. Abin da na iya haɗawa shi ne, a wurinmu yaro ba ya ƙaryata babba.

Ya cire tabaro ya murza ido. "Mai yiwuwa gaskiyarki ne. Amma gobe zai yi aiki a asibiti ko a kamfanin ruwa, shugabansa ya ce a cire layin nan, shi kuma ya ce wi. Wa zai mutu? Ba na koyar da rubutu kawai, Madam. Cewa a'a ɗin ma yana cikin darasin. Ba zan canja masa jarrabawa ba. Jibi da safe ya zo. In ya tsayar da ni ya ci, in ya bar ni na wuce, ba ni da abin da zan yi masa."

Na fito ina ganin duhu-duhu da rana tsaka. Da mugu ne da na kai ƙararsa wurin Allah na huta. To ba mugu ba ne.

Duk yinin da ya biyo baya Hajiya ta yi ta gwada shi. Ta ɗauko gishiri ta ce sukari ne, ta ce Tamaske a ƙasar Gana take, ta ce ita budurwa ce 'yar shekara sha biyar. Yaron sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Har ta ɗaga ludayi ta ce, "Ka ce mini ƙarya nikai, ɗan banza, ko in kwaɗa maka!" Ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya." Ta jefar da ludayin ta ce da ni, "Habsu, kin yi tarbiyya har ta yi yawa." Muka yi dariya, amma ni tawa ba ta wuce leɓe ba. Na ga ya ƙara cusa takalmansa a cikin jakar. Na ji kuma yana waya a bayan ɗaki yana tambayar wani ranar da motar Agadas, hanyar Libiya, ke tashi. Na shiga makewayi na toshe bakina da mayafin Selestin don kada a ji ni. Na ce ya Rabbi, ka karɓi uban, ban ce komai ba. Wannan kam ban iyawa.

Da la'asar na bi Hajiya masallacin unguwa, muka tsaya a wurin mata, bayan labule. Limamin tsoho ne, muryarsa tana rawa. Bayan raka'a ta huɗu, maimakon ya zauna, sai muka ji ya yi kabbara ya miƙe zai kawo ta biyar. Kafin kowa ya motsa, wata murya ta fito daga sahun maza, a sarari, babu rawa ko kaɗan: "Subhanallah!"

Ko cikin kasuwa na ji muryar nan na san ta. Liman ya koma ya zauna, ya sallame, muka yi ba'adi. Allah ya gafarta mini, sujadar nan ban san abin da na karanta a cikinta ba.

Da muka koma gida na zauna ina tsince wa Hajiya shinkafa, na ba shi baya, na yi magana kamar da tiren nake.

"Wa ya tsai da liman ɗazu?"

"Ni ne, Inna."

"Ba ka ga furfurarsa ba?"

"Inna, ai salla ce. In na ƙyale shi ta ɓaci, tamu duka."

"Ya ji haushi?"

"A'a. Har ya sa mini albarka."

"To shi Mushen, da ya miƙe zai kawo ta biyar, mi ya hana ka?"

Ya ce, "Wannan dabam ne."

"Da mi ya bambanta? Lambun kawunka ne za shi nutse, kana kallo. Gobe shi ne limaminka. In ya yi mantuwa ka yi mishi abin da ake yi wa liman. Ba raini ba ne, hakkinsa ne a kanka."

Ban taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba tun da na haife shi. Ya ce to. Amma to ɗin nan irin wadda ya saba ce, ta ladabi, ban san ko ta shiga ba. Jakar ma bai kwance ta ba.

Da safe na bi shi daga nesa. Ɗakin jarrabawar a ƙasa yake, tagarsa mai gilasai ce jere-jere, an buɗe su saboda zafi. Ɗalibai suna tsaye a baranda suna jiran layinsu, na raɓe a cikinsu. Ina hango Mushe Kojo da wata malama a gefensa, da yaron a kan kujera, hannayensa a tsakanin gwiwoyi. An haska aikin a bango.

Mushe ya taɓa na'urar, ya juya wata alama guda. Ya ce, a hankali yadda har ni na gane, "Na gyara maka. Yanzu in ƙasa ta jiƙa injin zai tashi, in ta bushe ya tsaya. Haka ya fi, ko ba haka ba?"

Ko ni da ban wuce aji huɗu na koleji ba na san albasar nan ta mutu. Yaron ya dubi bangon, na ga muƙamuƙinsa yana motsi. Sai kansa ya fara sauka. Ya yi ta sauka kamar ana jan sa da igiya. Mushe ya jira. Malamar ta duba agogo. Mushe ya sake cewa, "Ko ba haka ba?" Ya kai hannu kan murfin na'urar.

Na ga Agadas a idona. Na ga bayan motar da ta ɗauki ubansa. Ban yi shawara da kaina ba, bakina ne ya buɗe, muryar da ta fito kuma ta fi ta Selestin a tashar Kandi.

"Sumaila!"

Duk barandar ta juyo. Shi kuwa ya zabura kamar an watsa masa ruwan randa, ya ɗago kai, idonsa ya faɗa cikin nawa ta tsakanin gilasan, ban kawar ba. Sai ya juya wurin dattijon, da ƙarfi har malamar ta firgita, ya ce, "Subhanallah!" Ya haɗiye yawu. "No, Mushe. Ba daidai ba ne."

Abin da na ji ke nan. Mai gadi ya riƙo hijabina yana faɗa, ya fitar da ni har bakin ƙofar jami'a, ɗalibai suna dariya. Na zauna a gindin wata bishiya da ban san sunanta ba. Sai tsoro ya zo mini sabo: kada su ce na ba shi amsa, kada in zama ni na kore shi da bakina. Na ja tazbaha har yatsuna suka yi zafi. Masu babur suna ta tsayawa suna tambayata ina za ni, ni ko ba ni da inda za ni.

Rana ta kusa tsaka sannan ya fito, rigarsa sharkaf da zufa. Ya durƙusa a gabana. Na kalli bishiyar.

"Mushe ya ce, saboda an yi magana daga waje, waccan ba ta cikin lissafi. Ya rufe taga ya sake ɓata wasu wuraren. Duk na tsai da shi. Har wani wurin da bai taɓa ba ya ce kuskure ne, na ce mishi a'a, nan daidai yake, shi bar shi."

"Sai ya ce mi?"

"Ya yi dariya. Ya ce makin ba shi da yawa, don na sa shi jira. Amma na wuce. Ya ce kuma in gaya miki kada ki sake zuwa mishi taga."

Na ce alhamdu lillahi, na sake cewa, hawaye suna zuba, ban share ba. Da muka isa gida Hajiya ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Na je bayan ƙofa na jawo jakar nan, na sa haƙori na kwance igiyar, na fito da takalmansa na jera su a bakin ɗaki. Igiyar kuwa na ba Hajiya ta yi shanya da ita.

Yana tsaye yana kallona. Can ya yi gyaran murya, da ɗan murmushi a gefen bakinsa, irin na ubansa.

"Inna, ashe kin san sunana?"

Hajiya ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Na gyara mayafina, na juya na fuskanci bangon da na saba.

"Aro na yi, na maida shi inda yake. Kai wannan, ɗebo mini ruwa in yi alwala."